Jiri da amai a teku: amsar maigida

Ka ce in faɗa maka maganin jiri da aman da ke kama ka da zarar mun bar bakin ruwan Jamestown, a nan Accra, mun fita kamun kifi. To zauna, ɗana. Wannan ba ragwanci ba ne. A can cikin kunnenka akwai abin da ke auna daidaiton jiki. Shi yana jin kwale-kwale na hawa yana sauka, ido kuwa yana kan katako da taru, yana ganinsu a tsaye cak. Ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, sai zuciya ta tashi. Dalilin ke nan nake daka maka tsawa in na ga ka sunkuyar da kai. Ɗaga ido ka kafa shi can inda ruwa ya haɗu da sama. Amma ku yaran yanzu ina! Mutum yana tsakiyar teku kansa na kan waya yana latsa Facebook, in amai ya zo ya ce jifa aka yi masa.

Shi jirin nan bai taɓa damuna ba. Ɓoye shi ne ba na yafewa, kuma bari ka ji dalili.

Wata shekara cikin Agusta, lokacin da ruwa ke yin sanyi kifi ya taso, kowane mai jirgi yana sa ran biyan bashin shekara, wani mutumin unguwar Nima da muke sahu ɗaya a masallaci ya kawo mini ɗan ƙanwarsa. Ya rantse yaron ya daɗe yana aiki a tashar ruwan Tema, teku ba baƙuwarsa ba ce. Don girman kawun na karɓe shi. Ashe bai taɓa wuce inda igiyar ruwa ke fashewa ba. Ya bi ta kemis ya sayi ƙwayar hana amai, bai gaya wa kowa ba, da jiri ya fara ya watsa fiye da ƙima. Ƙwayar tana aiki, ban ce ba ta yi ba. Amma tun a tudu ake shan ta kafin a tashi, daidai yadda aka rubuta, kuma tana jawo barci mai nauyi. Wanda ya sha wajibi ne ya faɗa wa shugaban jirgi.

Da dare muka shimfiɗa taru. Na miƙa masa fitila na ce ya tsare, in ya hango babban jirgi ya haska ya tashe mu. Duk jirgin babu aiki mai sauƙin wannan. Ya jingina da igiya ya yi ta sharar barci. Wani ƙaton jirgin kamun kifi ya bi ta kan tarun ya yanka shi, ya ja mafi yawansa ya tafi, da ƙyar muka tsira da kanmu. Sabon taru ne, da bashi na saye shi. Da gari ya waye ga matan Chorkor masu bandar kifi, waɗanda suka ba ni kuɗin mai, suna tsaye da kwanoni suna jira, na sauko musu da guntun igiya. Sai da na sayar da injina, Yamaha mai doki 40, na rufa wa kaina asiri. Na je wajen kawun, wai ƙaddara ce. Ƙaddarar ce ta sa shi rantsuwa a kan ƙarya? Har yau muna gaisawa, ko sidi ɗaya bai ba ni ba.

Sauran abubuwan ai ba sai an tara jama'a ba. Kada ka fito da ciki wayam, kada kuma ka cika shi da wake da shinkafa da shito (miyar yaji) da maiƙo. Koko da ɗan burodi sun isa. Riƙe ɗanyar citta a aljihu kana tauna, tana kwantar wa da yawa zuciya. Zauna a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, don goshi ne ya fi tsalle. Nisanci hayaƙin inji da warin fetur. Ka yi barcinka daren tafiya, ba hira a bakin titi har ƙarfe biyu ba. Ɓangaren da za ka juya in aman ya zo kuwa, in sai na koya maka wannan, to koma gida.

In ya ƙi tsayawa, kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, don bushewar jiki ce ke kayar da ƙato, kuma kada ka leƙa bakin jirgi ba wanda ya riƙe ka. In na ga idonka ya fara juyawa zan ba ka tuƙi, domin mai tuƙi yana ganin igiyar ruwa kafin ta iso, jikinsa ya shirya mata. Yawancin mutane cikin kwana biyu zuwa uku a kan ruwa jikinsu yake sabawa.

Gobe Talata, ba a shiga teku. Jibi ka zo kafin asuba, ka bar wayar nan a gida, in kuma ka sha wani abu ka faɗa mini tun muna tura jirgi.