Kwana uku a birnin Paris: wane tikiti zan saya, ina zan fara?

Tambaya: Zan sauka a filin jirgin Charles de Gaulle ranar Litinin da safe, in tashi ranar Alhamis. Wane tikitin zirga-zirga ya fi mini, kuma ta yaya zan tsara yawona?

Amsa: Malam, ranar saukarka ta yi maka daidai. Katin Navigo na mako yana fara aiki ne daga Litinin ya ƙare daren Lahadi, ko wace rana aka saye shi, don haka wanda ya sauka Juma'a ba ya cin moriyarsa, amma kai za ka ci. Kuɗinsa ya ɗan haura Yuro 30, sai Yuro 5 na katin kansa, kuma da shi za ka shiga metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da bas da jirgin RER, mai haɗa gari da kewayensa, har zuwa Versailles da filin jirgi. Tikitin filin jirgi kaɗai Yuro 13 ne a shekarar 2025, ka ga zuwa da komawa sun kusa cinye kuɗin katin. Ka taho da ƙaramin hoton fasfo daga gida, ka manna shi, ka rubuta sunanka. Masu duba tikiti suna cin tarar wanda katinsa ba hoto, kuma ba sa karɓar uzurin baƙunta.

Daga filin jirgi ka hau RER B, cikin minti 35 ko kusa da haka kana tashar Gare du Nord. Idan kayanka da nauyi, ka san yawancin tashoshin metro matakala ne ba lif. In tasi za ka shiga, ka bi layin tasi na hukuma a waje, kuɗinsa zuwa cikin gari ƙayyadadde ne. Duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa "tasi", ka wuce shi.

Abin da ya fi ɓata wa baƙi lissafi shi ne ranakun rufewa. Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, Fadar Versailles kuma ranar Litinin. Saboda haka Litinin da yamma ka je dandalin Trocadéro, daga nan ne hasumiyar Eiffel ta fi fitowa sosai, sannan ka gangaro ka tsallaka kogin Seine da ƙafa. Talata ka ba Versailles, da RER C, ka fita da sassafe domin ranar ana cika. Laraba ka shiga Louvre, wanda ke kaiwa ƙarfe 9 na dare a ranar. Ka yanki tikitinsa ta intanet tun kana gida, ka zaɓi sa'ar shiga. Awa uku sun isa idan ka ware ɓangare biyu. Wanda ya ce sai ya ga komai ƙafarsa ce za ta gaya masa.

Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana kusa da tashar Place Monge a layin metro na 7. In kana kewar abincin gida, layi na 4 zai sauke ka a Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka suka yi kasuwa.

Masu yankan aljihu sun fi yawa a layi na 1 da RER B, kuma daidai lokacin da ƙofa za ta rufe suke fizge waya. Ka mayar da jakarka gaba, kada ka tsaya wa masu miƙo takarda wai ka sa hannu. Metro yana tsayawa wajen ƙarfe 1 na dare a ranakun da za ka yi.