Amsa ga Hadiza: a bar Hajiya ta raka jikarta ajin waƙa

Assalamu alaikum, ɗiyata Hadiza. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Talata Mafara lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonki ya iso. Kin ce makarantar renon da Ummi take zuwa can Gusau ta buɗe aji ranar Asabar don 'yan shekara biyu zuwa huɗu, ana koya musu waƙa da tafi da 'yan kaɗe-kaɗe, kuma an nemi kowane yaro ya zo da babba, in da hali kakarsa ko kakansa. Surukarki Hajiya ta nuna tana so, amma Malam Bashir ya ce zubar da girma ne mahaifiyarsa ta zauna kan tabarma tana tafi a gaban baƙin ido, kuma su ba gidan makaɗa ba ne. Kina tambayata abin da al'ada ta ce.

A bar ta ta tafi. In ma akwai wadda al'ada za ta ɗaga wa gira a wannan ajin, to ke ce, ba Hajiya ba.

Ummi 'yar farinki ce. A yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba, har wata ta ɗauke shi. Alkunya ke nan. Ku na yanzu kun sassauta, ban kuma ga laifinku ba. Amma ki tambayi kanki, yaron da uwarsa ke jin kunyarsa, ubansa ma haka, wa yake yi masa tawai? Wa yake rera masa waƙar reno? Kaka. Al'ada ta ɗaure iyaye da kunya, ta kwance kakanni. Shi ya sa tsohuwa take kiran jikanta namiji maigida, ta nemi ya ba ta kuɗin cefane, mace kuma ta kira ta kishiya, su yi ta cacar baki a kan wadda ta fi iya tuwo. Dattijon da 'ya'yansa ba sa iya haɗa ido da shi, jikarsa za ta hau cinyarsa ta ja gemunsa, ya ce amaryarsa ce. Ba wanda ya taɓa cewa girmansa ya zube.

Ga kuma yaye. Da yaro ya kusa shekara biyu, gidan kaka ake kai shi, ya yi kwanaki can har ya manta da nono. Da me kike tsammani ake lallashin yaron da ya farka tsakar dare yana neman uwarsa? Da kunu, da goyo, da waƙa. Tsohuwa za ta ɗaure shi a baya, tana zagaya ɗaki, tana ɗan bubbuga ɗuwawunsa daidai da tafiyar waƙar, har kansa ya langaɓe. Shekarun yaye su ne shekarun da ajin naku ya ɗauka. Kuma Ummi takwarar Hajiya ce, wa ya fi ta haƙƙi a kanta?

Maganar gidan makaɗa kuwa, na gane inda Malam Bashir ya dosa, ba kuma shi kaɗai ke da wannan tunani ba. A ƙasar nan kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da jima da wanzanci. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan makaɗin noma ne, a gindin mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koya tun yana ƙarami kafin ya shahara da kotso a fada. Irin wannan kiɗan yana da ubangida, yana da 'yan amshi, ana yin sa a ba da doki da riga. Wanda bai gada ba yana gudun a ce ɗansa ya zama maroƙi. To amma wannan daban, waƙar cikin gida daban. Matar sarki da matar malam da matar talaka duk sun yi waƙar daka. Mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe ba tare da ta ɓata bugun 'yan uwanta ba, yara kuma suna gefe suna kallo suna gyaɗa kai. An yi waƙar niƙa, an yi ta daɓe, 'yan mata sun yi gaɗa a dandali, amare sun kaɗa shantu a ɗaki. Ba a taɓa kiran ɗaya daga cikinsu zabiya ba saboda haka. Yarinyar da ta kaɗa caki a makaranta ba sana'a ta shiga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin wuraren da yaro yake tsintar waɗannan abubuwa sun tafi. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe daɓe. Dandali kuma, kin san halin da Zamfara take ciki. Wace uwa ce yau za ta saki 'yarta da dare ta tafi gaɗa a garin da ake kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga? Ƙauyuka nawa suka watse, mutanensu suka dawo Gusau da Mafara da Anka suna zaman haya, kaka can, jika nan? Abin da ya rage wa yaro shi ne wayar uwarsa. In wata malama ta shimfiɗa tabarma ta ce a kawo tsofaffi da jikoki su yi waƙa da rana tsaka cikin aminci, ni sai in sa mata albarka.

Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma tun da aka fara aiki da shari'a a jihar nan a 2000 mutane suka ƙara taka-tsantsan. Wannan hurumin malamai ne, Malam Bashir ya tambayi wanda ya amince da shi. Amma ya fara zuwa ya ga abin da ake yi tukuna, gani ya kori ji. Kuma ki tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Da ta tashi kai ilimi ga matan karkara, waƙoƙi ta rubuta don a haddace. Ta naɗa jajis, wato malamai mata masu jan ayari, ta ɗora musu malfa, su ne suke jagorantar ɗalibanta mata da ake kira 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta. Su wa suke yin tafiyar? Tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, domin matan aure suna gida. Tsohuwa da yarinya suna koyon abu tare ta hanyar waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato da Gwandu da Zamfara.

Su ma Turawan da aka kwaikwayo ajin daga wurinsu, abin da suka gano bai wuce wannan ba. Lokacin da nake koyarwa a firamare an karantar da mu labarin Zoltan Kodaly, mutumin Hangari da ya rasu a 1967. Shi cewa ya yi a fara wa yaro da murya, da waƙoƙin gargajiya na harshen uwarsa, kafin a kawo masa na wasu. Shinichi Suzuki na Japan kuma ya ce yaro yana koyon kiɗa ne yadda yake koyon magana, da ji da maimaitawa, shi ya sa ya sa iyaye su zauna cikin darasi. Likitoci ma sun tabbatar jariri yana jin sauti tun yana ciki a watannin ƙarshe.

Inda zan ja miki kunne shi ne nan. Ki bincika wace irin waƙa ake yi. In dai za a kunna lasifika ne a saki waƙoƙin Turanci daga waya, yara suna tsalle, Hajiya tana zaune a gefe da jaka a cinya kamar mai jiran layin asibiti, to an wahalar da ita a banza, kuma nan ne girman zai zube. Ki sami malamar ki ce a ba tsofaffin lokaci su kawo nasu. Kayan ma ba sai an saya ba. A cika babbar ƙwarya ko daro da ruwa, a kifa ƙaramar ƙwarya a kai, a ba Hajiya 'yan sanduna biyu. In ta danna ƙwaryar cikin ruwa sautin ya canja, in ta ɗaga ya sake canjawa. Za ki ga yaro ya saki abin da ke hannunsa ya matso, ya sa tafin hannu ya buga, ruwa ya fallatsar masa a fuska, ya yi dariya ya sake. Daga nan ta kawo tatsuniya mai waƙa a ciki, ta bayar su amsa. Bayarwa da amsawa su ne suke koya wa yaro saurare da jiran lokacinsa, abin da na sha fama da 'yan aji ɗaya a kansa.

Kakanni maza dai ban sa rai ba. Dattijon Zamfara zai yi wasa da jikarsa a zaure, amma da wuya ya tafa hannu cikin mata. In wani ya zo ya zauna daga bakin ƙofa, a bar shi haka, kada a matsa masa.

Ki tafi wa Hajiya da 'yar kujera, gwiwoyinta ba za su jure tabarma ba. In Ummi ta maƙale a jikinta ta ƙi buɗe baki, kada ki ce an yi asarar kuɗi, irin waɗannan sai an dawo gida suke rera abin da suka ji. In ƙarar ta yi yawa ki yi magana a rage, kunnen yaro ba ya son haka. Shi kuma Malam Bashir kada ki ja da shi, ki bar mahaifiyarsa ta gaya masa da bakinta cewa tana so. Ba zai iya ce mata a'a ba.

In ta yarda, ki ɗauko mini muryarta a waya tana waƙar renon da ake yi a wajensu, ina so in ji ko daidai take da tamu ta nan Mafara. Ki gaishe ta da kyau, ki gaida maigidanki, ki ce wa kishiyata Ummi ina nan tafe bayan Sallah.

Gwaggonki.