Tambaya da Amsa: Baba yana da inshora, don me sai mun fara bi ta ƙaramin asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan fansho ne, ya haura shekara 70, yana fama da hawan jini da suga ga ciwon gwiwa da ya hana shi takawa masallaci. Ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka yi masa rajistar inshorar lafiya, aka ce mu zaɓi asibiti ɗaya muka zaɓi na kusa da gida. To ni so nake in kai shi Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kai tsaye ya ga manyan likitoci, sai aka ce wai sai likitan asibitinmu ya rubuta takarda an kuma samo kod, wato lambar izini. Don Allah meye amfanin wannan likitan, ba ɓata lokaci ba ne kawai? Daga ɗan'uwanku a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya yi muku albarka, ba kowane ɗa ke tuna yi wa iyaye inshora ba.

Haka tsarin yake, ko na hukumar inshorar lafiya ta tarayya ne wato NHIA da ta maye gurbin NHIS a 2022, ko KADCHMA ta jihar Kaduna. Asibitin da kuka zaɓa duk wata ana biyansa wani kuɗi a kan sunan Baba, ya je ko bai je ba, to kaga in ba ku zuwa kuɗinku ne kuke bari. In ciwo ya fi ƙarfinsu su za su rubuta takardar tura shi gaba, a nemo kod daga HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorar, ko hukumar, da shi ne za a biya aikin da aka yi a Shika. Kuka tafi ba takarda daga aljihunku za ku biya. A tsarin NHIA kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai majinyaci ke biya daga aljihunsa.

Amma ni ba maganar kuɗin ce ta fi damuna ba. Tsoho ba ciwo ɗaya ke gare shi ba, kuma a babban asibiti kowane konsaltan ɓangarensa yake dubawa, na zuciya daban na ƙashi daban na ido daban, kowa ya rubuta nasa, a dawo gida da leda cike da magani ba wanda ya zauna ya ga ko suna jituwa. Ga misali, akwai maganin hawan jini amlodipine da ke sa ƙafa ta kumbura, wanda bai san Baba na shan shi ba sai ya ga kumburi ya ƙara masa maganin fitsari, tsoho ya riƙa tashi cikin dare jiri na ɗibarsa har ya faɗi. Sannan ciwon gwiwar nan, na san yadda ake yi, a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen a yi ta sha kullum, alhali suna hawar da jini suna taɓa ƙoda suna jawo gyambon ciki, mai suga kuwa dama ƙodarsa a lallaɓe take. Wanda zai kama irin wannan shi ne likitan da fayil ɗin Baba ke hannunsa, ya san awonsa na watan jiya, ya san me yake ci, ya san waye ke ba shi magani a gida.

Shi zai riƙa auna jini da suga a kai a kai, ya duba ƙafafunsa ko akwai ciwon da bai ji ba, ya sa a gwada ƙoda da ido aƙalla sau ɗaya a shekara, ya tambaye shi batun fitsari wanda dattawanmu ke jin nauyin faɗa a gaban 'ya'yansu, don haka wani lokacin ka ɗan fita ka ba su wuri. Kafin azumi ma shi za ku je wa ya gyara lokutan shan maganin suga, don wallahi suga ta faɗi da rana a jikin tsoho ba abin wasa ba ne.

In za ku je ku kwashi duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya da jiƙe-jiƙe, kar a ɓoye. Ku roƙa a riƙa haɗa shi da likita ɗaya in da hali. In an tura shi Shika a dawo wa likitan da takardar abin da aka gani. In kuma kun ga asibitin ba ya kula, kullum ba magani, ko suna jan ƙafa wajen tura shi, kuna da damar kai ƙorafi wurin HMO ko ofishin hukumar ku nemi canji.

Abu ɗaya ne ba a jiran kod a kansa. In baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da zufa, ko ya suma, ku ɗauke shi nan take zuwa sashen gaggawa mafi kusa da katinsa a hannu, maganar takarda a yi ta daga baya.