Amsar Anti kan tarin jikan Gwaggo da maganar bitamin

(Wannan muryar da Antinmu nas ta ajiye ce a zauren iyali daren jiya. An rubuta ta saboda waɗanda suka ce ba ta buɗe musu ba.)

Assalamu alaikum. 'Yan uwa barkanmu da dare, ya sanyi? Gwaggo ina wuni, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri, tun la'asar na ga saƙonki, ina bakin aiki ne, sai yanzu na shigo gida.

Saboda waɗanda ba su saurara ba, Gwaggo ta ce jikanta ɗan shekara 2 yau kwana huɗu ke nan yana tari da majina, daren jiya kuma jikin ya yi zafi. An je kemis, yaron kemis ya haɗo musu bitamin C mai narkewa a ruwa, da zink, da wata kwalba mai haɗin bitamin kala-kala, ya ce in ya sha garkuwar jikinsa za ta tashi, ba sai an je asibiti ba. Shi kuma Yaya ya turo wani saƙo da yake yawo, wai bitamin C da citta da lemon tsami suna kashe limoniya, wato ciwon huhu. Zan haɗa su duka in amsa.

Amma Gwaggo, kafin komai, don Allah yanzu-yanzu ki sa uwar yaron ta ɗaga masa riga. Ba lokacin da yake kuka ba, sai ya yi shiru, ko ma yana barci ya fi. Ta ɗauki waya ta saita minti ɗaya, ta zuba wa cikinsa ido, duk ɗagawa ɗaya ta ƙirga ɗaya. A shekarunsa, in ya kai 40 ko ya wuce a minti ɗaya, numfashin ya yi sauri. Jariri daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ne ma'auninsa, wanda bai kai wata 2 ba kuma 60. Sannan ta duba ƙasan haƙarƙarinsa. In yana jan numfashi wajen yana lotsawa ciki kamar an danna da hannu, ko ya ƙi shan komai, ko duk abin da ya sha ya amayar, ko ya yi lakwas ba ya farkawa sosai, to ba maganar gobe ba ce, a nemi ɗan sahu a tafi asibiti cikin daren nan. Asibitin yara na Hasiya Bayero ba shi da nisa da ku, asibitin Murtala ma haka.

Abin da ya sa na fara da wannan, wallahi kusan kullum muna gani a wannan lokacin na hunturu. Ko a makon nan an kawo mana wata yarinya, ba ta fi shekara ɗaya da rabi ba, hancinta na buɗewa yana rufewa, leɓenta ya fara canja kala. Uwar na riƙe da baƙar leda, ta zazzage mana a kan tebur, kwalabe biyar, uku daga ciki duk na bitamin ne. Tana kuka tana cewa ita ba ta yi sakaci ba, ba ta tsallake ko cokali ɗaya ba. Kuma gaskiyarta, ba ta yi sakaci ba, an dai sayar mata da abin da ba shi ne maganin ciwon ba. Sai da yarinyar ta kwana biyu a kan iskar oksijin. Alhamdu lillahi ta tashi. Limoniya ƙwayar cuta ce ta shiga huhu, idan bakteriya ce sai an ba da maganin da yake kashe ta, irin su amoxicillin, a ma'aunin da ya dace da yaron. Babu bitamin ɗin da yake wannan aikin. Yaya, saƙon nan kada ka ƙara tura shi gaba, ka ji. Citta da lemon tsami a ruwan ɗumi suna sanyaya maƙogwaro, ni ma ina sha, iyakarsu ke nan.

To ba kuma cewa nake bitamin banza ba ne, a'a. Aikinsu kamar yaɓen katanga ne kafin damina. Wanda ya bari sai ruwa ya sauko sannan ya kwaɓa ƙasa, kun san yadda take ƙarewa.

Shi bitamin C da kowa yake ambato, wani masani ne ɗan Amurka, Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ya yayata a 1970 cewa shan sa da yawa yana hana mura. Saboda girman sunansa duniya ta ɗauka. Daga baya an yi ta gwadawa a kan dubban mutane, a 2013 aka tattara sakamakon wuri guda. Abin da aka samu shi ne, yawancin mutane ko suna sha kullum ba ya hana mura kama su. Ɗan abin da yake yi, ga mai sha kullum tun kafin ta zo, yana rage tsawonta da kamar kashi 8 cikin 100 a manya, kashi 14 a yara. Wato murar mako guda a yaro ta ragu da kamar kwana ɗaya. Wanda kuwa sai da murar ta kama shi ya fara sha, ba a ga wani amfani tsayayye ba. Kuma Gwaggo ki duba jikin kwalin bitamin C ɗin nan, in an rubuta miligiram 1000, a daina ba shi. Yaro mai shekara 1 zuwa 3 miligiram 15 kacal jikinsa yake buƙata a rana, kuma bai kamata ya wuce 400 ba. Babba ma 75 zuwa 90 ne. Ragowar fitsari take bi, in ta yi yawa ta ɓata ciki ta sa zawo, wasu manyan ma takan jawo musu tsakuwar ƙoda. Gwaiba ɗaya madaidaiciya ta ishi babban mutum na yini har da saura. Lemo kuwa yanzu kakarsa ce, duk wanda ya bi ta kasuwar 'Yan Lemo ya ga yadda ake sauke shi mota-mota. A matse masa rabin lemo, ya wadatar.

Sai dai akwai wani abu da muke yi a kicin da yake ba ni takaici. A yanka alayyahu ko zogale, sannan a wanke shi bayan an yanka, a zuba a tukunya a jefa kanwa don ya yi kore shar, a bar shi yana tafasa har a gama tuƙa tuwo, wasu ma su tsiyaye ruwan su zubar. Shi bitamin C ruwa yana kwashe shi, wuta tana kashe shi, kanwa kuma ta ƙarasa. A wanke ganye tun kafin a yanka, a sa shi a ƙarshen girki, tururi kaɗan a sauke. Tattasai da tumatir ɗanye a kan kwaɗo ko a kan shinkafa da wake, wannan ya fi min ƙwayar kemis sau nawa.

Wanda ni na fi ba wa muhimmanci a yaranmu shi ne bitamin A, shi kuma kyauta ma ake bayarwa, amma mutane ba sa zuwa. Shi ne yake kula da fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro har zuwa huhu, wadda take kama ƙura da ƙwayoyin cuta. In ya yi ƙaranci wajen yakan bushe ya yi rauni, shi ne kuma mai kawo dundumi. Kun san ɗan ƙwanson nan da muke yanke wa baki da almakashi mu matse a bakin yaro lokacin makon lafiyar mata da yara? Shi ne. Shuɗin na 'yan wata 6 zuwa 11 ne, jan kuma na 'yan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, duk bayan wata shida. Inda ya fi nuna ƙarfinsa shi ne a ƙyanda. Yawancin yaran da ƙyanda take kashewa, limoniyar da take biyo bayanta ce take tafiya da su, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk yaron da ya kamu a ba shi bitamin A kwana biyu a jere. Amma a lura, limoniyar da ba ta ƙyanda ba, ƙara masa bitamin A ba ya warkar da ita. Kuma shi ba ya fita ta fitsari, a hanta yake taruwa, yawansa guba ne. Masu juna biyu musamman, kada wadda ta kuskura ta sha wannan ƙwanson na yara, yana iya taɓa ɗan da ke ciki. A abinci kuwa ga manja, ga karas, ga kabewa, gwanda, ƙwai, ɗan yankin hanta ko sau ɗaya a mako, mangwaro in lokacinsa ya zo. In za ku sayi man girki ko sukari ko fulawa na kamfani, ku duba alamar ido a jiki, ita ce shaidar an ƙara masa bitamin A. Gwaggo, a duba min katin yaron nan, yaushe rabon da a ɗiga masa jan?

Bari in sha ruwa, muryar ta fara dishewa, ƙurar nan ta yau ba dama.

Yauwa, sai zink. Shi an san shi ne da zawo, a nan amfaninsa ba shi da gardama: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ORS, wato ruwan gishiri da sukari, jaririn da bai kai wata 6 ba a ba shi rabi. Yaran da suke da ƙarancinsa kuma an ga cewa in aka cike musu, kamuwa da limoniya tana raguwa. Mu kuwa ƙarancinsa ba baƙo ba ne a wajenmu, saboda cimarmu hatsi ce, gero da dawa da masara, kuma akwai wani sinadari a cikin hatsi da yake riƙe zink da ayon, sinadarin nan mai ƙara jini, ya hana hanji tsotse su yadda ya kamata. Abin da yake ba ni sha'awa, iyayenmu sun daɗe da maganin wannan ba tare da sun san sunansa ba. Jiƙa gero ya kwana, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, daddawa a miya, duk suna karya wannan sinadarin. Sai a haɗa da ɗan nama ko kifi, wake, gyaɗa, riɗi, agushi. Kunun yaro kada ya zama tsurar gasara da sukari, a zuba masa garin gyaɗa ko na waken suya ko dakakken busasshen kifi. Amma a riƙa ɗirka wa yaro ƙwayar zink wata da watanni, wannan a'a, yana sa tashin zuciya, kuma yawansa yana korar wani sinadarin da jini yake buƙata. In jikanki ba ya zawo, Gwaggo, a ajiye shi tukuna sai likita ya gan shi.

Bitamin D ba zan daɗe a kansa ba. Fatarmu ce take haɗa shi in rana ta taɓa ta. A 2017 an haɗa bincike 25 na mutane fiye da 11,000, aka ga yana ɗan rage kamuwa da cututtukan numfashi, kuma waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda dama nasu ya yi ƙasa sosai. Za ku ce Kano da rana, ina mu ina ƙarancinsa. To akwai. Tsofaffinmu da suke wuni a ɗaki, da matan da gidan haya ne ba tsakar gida, daga ɗaki sai kicin, in za a fita kuma an rufe ko'ina. A riƙa fito da Baba Tsoho tsakar gida da hantsi yana shan rana, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Ranar da ta biyo ta gilashin taga ba ta yin wannan aikin.

Abu ɗaya da nake roƙonku da girman Allah, tunda muna da masu sikila a dangi. Irin waɗannan kwalaben haɗin, da yawansu akwai ayon a ciki, wato maganin ƙarin jini. Mai sikila ba a ba shi ayon sai an gwada an tabbatar yana buƙata, musamman wanda aka sha yi wa ƙarin jini, don ayon ɗin taruwa yake a jikinsa. Kuma mai sikila in ya haɗa zazzaɓi da tari ko ciwon ƙirji, ko minti ɗaya kada a tsaya gwajin magani a gida. Sauran yara kuma a daina ba su shayi a kan abinci, ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar ayon.

Ni in an tambaye ni ina za a sa kuɗin da aka kai kemis ɗin nan, cewa zan yi a kai shi kasuwar Yankaba a yi cefane, a kuma cike katin riga-kafi, wanda shi ko sisi ba a biya. Penta, wato allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar har da mashaƙo, da allurar limoniya a sati 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Ba mu manta abin da mashaƙo ya yi mana a garin nan a 2023 ba, kuma akasarin yaran da ya kwantar ba su da cikakken riga-kafi. Jariri kuma nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, zuma ma ba a ba shi sai ya shekara. Sannan hayaƙi. Sanyi ya sa a kai gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa, yaro yana kwance yana shaƙa har asuba. Ko kwalba nawa ya shanye, huhun nan ba zai huta ba. Babba kuma da tarinsa ya kai mako biyu, ana rama, ana gumin dare, ya je a gwada majinarsa, gwajin tarin fuka da maganinsa duk kyauta ne.

To Gwaggo, a ƙirga numfashin nan yanzu a turo min adadin, ban kwanta ba, wayar na hannuna. In bai kai 40 ba kuma haƙarƙarin ba ya lotsawa, a ba shi farasitamol na yara saboda zafin, a yawaita ba shi ruwa da kunu mai ɗumi, a goge masa hanci, a fitar da kaskon wuta daga ɗakin. Duk da haka gobe da safe a kawo shi, tunda akwai zazzaɓi sai an gwada maleriya an kuma saurari ƙirjinsa. Aikin safe nake, ƙarfe takwas ina nan. A taho da katinsa da ledar magungunan gaba ɗaya in gani. A gaida mutan gidan, Allah Ya ba shi lafiya. Sai na ji ku.