Amsa ga mai son gudu a bakin tekun Santo Antão

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce za ka Cape Verde a watan Janairu kuma kana so ka yi gudu a hanyar bakin teku ta Ponta do Sol zuwa Cruzinha da ke tsibirin Santo Antão, kana tambaya ko tunda kana cinye kilomita 21 a kwalta ƙasa da awa biyu wannan zai ba ka wahala, sannan wane takalmi za ka tafi da shi. Na ga wasu sun ce maka ai wajen kilomita 15 ne kawai kafin karin kumallo ka gama. Toh ni na bi hanyar nan da ƙafata, kuma gaskiya ban yarda da wannan lissafin ba.

Lokacin da kake yi a kwalta ka ajiye shi a gida, a can da awa ake lissafi ba da kilomita ba. Masu tafiyar ƙasa suna cin awa biyar zuwa shida a kanta, kai mai gudu ko kana da numfashi ka ware rabin wannan ko fiye, don akwai wuraren da dole ka koma tafiya ko kana so ko ba ka so. Hanyar ba ƙasa ba ce ba kuma kwalta ba, daɓen baƙin dutse ne da mutane suka jera da hannu ɗaya bayan ɗaya a jikin tsauni, gefe ɗaya dutse ya miƙe sama, ɗaya gefen 'yar katanga ce da wani wurin ba ta wuce gwiwa ba wani wurin ma ta rushe, a ƙasa kuma teku na dukan duwatsu. Sai ka hau ka hau har ka zaci ka gama, sai hanya ta gangara da kai har kusan bakin ruwa saboda wani kwari da ya ratsa, sai kuma a sake sabon hawa. Haka za ka yi ta yi.

Kuma ba hawan ne ke kayar da mutane ba wallahi, gangarar ce. Hawa dai ka sa hannu a gwiwa ka taka a hankali za ka kai. Amma gangara a kan duwatsun nan da ƙafafun mutane da kofaton jakai suka goge shekara da shekaru har suna sheƙi, ga tsakuwa ta zubo daga sama ta kwanta a kai, ga danshin teku da safe, nan ne cinya ke fara rawa idon sawu ya fara neman gocewa. Wanda ya saba da kwalta yana buɗe taku ya sauka da dunduniya, a nan kuwa wannan shi ne hanyar targaɗe. Ka gajarta taku sosai, ka yawaita shi, ka saki hannuwa su taimake ka, idonka na kan inda za ka taka nan gaba kaɗan ba kan ƙafarka ba. In kuma kana son kallon teku ko ɗaukar hoto don Allah ka tsaya cak tukuna, kar ka haɗa biyun. Ba wai tsoratar da kai nake ba, amma tsakanin ƙauyukan da ke kan hanyar nan mota ba ta shiga, wanda ya karye sai dai a ɗauko shi a kafaɗa, asibiti kuma yana can garin Ribeira Grande.

Saboda haka maganar takalmi: kambas ɗin kwalta mai sulɓin ƙasa ka bar shi. Ka nemi na gudun daji mai robar ƙasa mai laushi da ke kama dutse, ba lallai mai dogayen haƙora irin na taɓo ba don wurin a bushe yake, kuma ya ɗan fi ƙafarka kaɗan saboda a gangara yatsu na dukan gaba har farce ya yi baƙi. Kar ka kai sabo fil, ka fara cin sa a gida. Tunda ka ce a Kano kake, matakalar Dutsen Dala da Goron Dutse sun ishe ka, ka riƙa hawa da sauka kana maimaitawa sau biyu a sati daga yanzu, saukar ka fi ba muhimmanci. Wanda ke Zariya ga Kufena, na Jos kuwa ga Shere.

Shawarata ka juya hanyar, ka fara daga Cruzinha ka ƙare a Ponta do Sol. Dalili shi ne mota. Hayis ɗin haya da suke kira aluguer da sassafe suke barin ƙauyuka su nufi gari, zuwa rana su koma, in ka isa Cruzinha da yamma a gajiye sai dai ka ɗauki shata da tsada ko ka kwana. Amma in ka shirya da direba tun dare ya sauke ka can da asuba, kana gamawa kana ƙofar masaukinka. Daga Cruzinha farkon hanyar da sauƙi, akwai rairayi, za ka ji daɗi ka so ka sake jiki, kar ka yarda. Za ka wuce kangon Aranhas inda gidajen dutse suke tsaye ba kowa, mutanen sun tashi. Wannan ɓangaren ba inuwa ba shago ba ruwan sha har sai Formiguinhas, inda ake samun 'yan wuraren abinci da ruwan roba. Daga nan ƙauyen Corvo, sannan hawan da ya fi kowanne, hanya na lanƙwasa tana komawa har ka kai ƙoli, kana leƙawa ɗaya gefen sai ga Fontainhas, gidaje masu fenti kala-kala a kan siririn doron dutse, gonaki an yanka su hawa-hawa a jikin tsauni har ƙasan kwari. Subhanallah, na je wurare amma wannan ya tsaya min a rai, kuma abin da ya fi taɓa ni ba kyan ba ne, aikin ne, kowace katangar gona mutum ne ya ɗauko dutsen ya ɗora. Daga Fontainhas sauran kamar kilomita 4 ne kuma mota na bi, sai ka kula da kwana. Kusa da shiga gari akwai garken aladu a gefen hanya, na faɗa maka don kar warin ya zo maka ba shiri.

Wani abu da nake so ka riƙe da kyau, hanyar nan ba don 'yan motsa jiki aka yi ta ba. Ita ce titin mutanen Corvo da Formiguinhas, ta nan yara ke zuwa makaranta, ta nan ake shigo da buhun siminti da tukunyar gas a ka ko a bayan jaki. In ka hango mai kaya ka rage gudu ka ba shi hanya ka gaishe shi, bom dia kawai ta isa a amsa maka da fara'a. In jaki ne ka raɓe ta gefen tsauni, kar ka kuskura ka tsaya ta gefen teku don kayan da ke bayansa na iya ture ka. Na ga baƙi suna ratsa tsofaffi a guje ko sannu babu, raina ya ɓaci ƙwarai, mu da aka rene mu da gaisuwa bai kamata a ga haka daga wajenmu ba.

Ruwa ka ɗauki lita biyu aƙalla, ka zuba ORS a gora ɗaya, ga dabino a aljihu. Iskar arewa maso gabas tana kaɗawa kusan kullum tana busar da gumi, sai ka zaci ba ka zufa alhali jikinka na ƙarewa. Hula mai igiya, in ba haka ba iska ta tafi da ita. Kuma duk zafin da ka ji kar ka faɗa tekun nan, igiyar ruwan gefen arewa tana da ƙarfi sosai.

Janairu lokaci ne mai kyau, ba ruwan sama. Damina a can Agusta zuwa Oktoba ce kuma lokacin ne duwatsu ke zubowa kan hanya, ka tuna ɓarnar da ambaliya ta yi a São Vicente, tsibirin da ke maƙwabtaka da Santo Antão, a Agustan 2025. Sai dai hazon hunturun nan namu har can yake kaiwa daga Sahara, bruma seca suke ce masa, yana rufe teku har a soke tashin jiragen cikin gida, don haka ka bar kwana ɗaya ko biyu na rara a tsarinka. Santo Antão ba ta da filin jirgi mai aiki, sai ka sauka São Vicente ka hau jirgin ruwa daga Mindelo zuwa Porto Novo, kamar awa ɗaya. Fasfon ECOWAS ba ya buƙatar biza amma ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki a hannu, ana tambaya. Kuɗinsu escudo ne, kusan 110 a Yuro ɗaya, ka ciri tsaba tun a gari don ƙauyukan ba a karɓar kati.

Abinci kuma, cachupa ce tuwonsu, masara da wake, amma sau da yawa da naman alade a ciki, ka tambaya ka ce ta kifi kake so. Za a miƙo maka grogue da sunan karamci, giyar rake ce, ka yi godiya ka ce ba ka sha ba wanda zai ji haushi.

Washegari in ƙafa ta yarda ka gwada saukar Cova, bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zuwa kwarin Paul, gangara ce ta sama da mita 1,000 in za ka kai har teku, amma kar ka fara da ita kafin ta bakin tekun. Ta Tarrafal zuwa Monte Trigo kuwa a yammacin tsibirin, rana ce tsagwaronta ba inuwa, wannan kar ka je kai kaɗai. Ka sauke taswira a waya kafin ka fita don sabis na ɗaukewa a kwaruruka, kuma ka gaya wa mai masaukinka ƙarfe nawa zai sa ran ganinka. Allah Ya kai ka lafiya.