Tambaya da Amsa: Gubar zaiba da dodon koɗin teku

TAMBAYA: Malam, ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Fatakwal. Maƙwabtana na zuba ƙananan dodon koɗin teku a miya, har ni ma na saba ci. Ƙanwata da ke karatun jinya ta ce wai suna tara gubar zaiba. Gaskiya ne? Ga shi ina da juna biyu.
Maman Sadiya, Fatakwal

AMSA: Maman Sadiya, Allah ya sauke ki lafiya. Ƙanwarki ta faɗi gaskiya, amma da sauran bayani.

Zaiba, wadda masu haƙar zinare ke haɗawa da garin dutse don ta kama zinaren, idan ta shiga ruwa ba ta ruɓewa. Kwanciya take yi a cikin laka. A can ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke juya ta zuwa wani nau'i mafi muni, wanda jiki ke sha da sauri, fitarsa kuma sai a hankali. To, dodon koɗi a bisa wannan lakar yake kiwo, yana kankarar gansakuka. Kifi ya iya yin gaba in ruwa ya ɓaci, shi kuwa bawan Allah ina zai je? Gubar takan taru a ƙodarsa da sashen da ke narka masa abinci, ta manne wa sinadaran da ke tafiyar da aikin jikinsa. Sai cin abinci ya ragu, girma ya tsaya. Ƙwai da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su suka fi shan wuya, tunda ba su yi ƙwari ba.

Mutanen Minamata a Japan sun ga wannan da idonsu. Daga 1932 zuwa 1968 masana'antar Chisso tana zuba ruwan datti mai zaiba a gaɓar tekunsu. Kyanwoyin garin suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa, sannan a 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutanen da ke cin kifi da halittu masu ɓawo na wurin. An haifi jarirai da lalurar ƙwaƙwalwa alhali wasu iyayen lafiyarsu ƙalau a ido, saboda gubar tana ratsa mabiyiya. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba. (Kada a haɗa ta da musibar Zamfara ta 2010, waccan dalma ce.)

Abin da nake so ki riƙe: tafasawa ba ta cire zaiba, ko da kin kwana kina dafawa, domin a cikin tsoka take. Amma kada ki tsorata da cokali biyu a miya. Gubar tana ƙaruwa ne yayin da babba ke cin ƙarami, don haka manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su shak, sun fi dodon koɗi haɗari nesa ba kusa ba. Su za ki ƙaurace wa yanzu. Dodon koɗin kuwa, ki tambayi mai sayarwa inda aka tsinto shi. In kusa da magudanar masana'anta ne, ki bar mata kayanta. Ki kuma gaya wa ungozoma a wurin awo.