Sabon shiga airsoft: wace bindiga zan saya, kuma batir 11.1 zai ƙara mata ƙarfi?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗalibi ne a Bamingham nan Ingila, abokai sun ja ni wasan airsoft, wato harbe-harbe da bindigogi masu harba ƙananan ƙwallayen roba, har sau biyu da bindigar haya kuma gaskiya abin ya shiga raina. Na tara fam 300 inaso in sayi tawa, raina yafi kwantawa da ta sinafa, amma wani yace gara in sayi mai lantarki in sa mata batir 11.1V da babban sifirin zata fi dukan nesa. Wacce zan saya, wane batir, kuma me zan fara canjawa a cikinta? Sannan in na gama karatu zan iya tahowa da ita Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da abin da abokin nan naka ya faɗa maka don shi ne zai iya cinye maka kuɗi a banza. Batir baya ƙara wa bindigar airsoft ƙarfin harbi, ko kaɗan. Cikin bindiga mai lantarki aikin batir kawai ya juya moto, moto ya juya giyoyi guda uku, giyoyin su ja fistin baya su matse sifirin sannan su sake shi, iskar da fistin ɗin ya tura ita ke fitar da ƙwallon. Kaga kenan ƙarfin yana wajen sifirin da kuma yadda iska bata zurarewa ta wani gefe. In ka sa 11.1V abin da zaka samu shi ne tana amsa kunama da sauri kuma tana ɓarin ƙwallo da yawa a daƙiƙa, amma nisan da ƙwallon ke zuwa yana nan yadda yake da 7.4V.

Babban sifirin kuma a Ingila ba abin wasa bane. Dokar 2017 ta yanke cewa bindigar da ke ɓarin wuta a jere kada ta wuce jul 1.3 (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), mai harbi ɗaya-ɗaya kuma jul 2.5, in ta wuce haka ta fita daga sahun airsoft ta shiga dokar makamai ta gaske, kuma kai ɗalibi ne da biza, baka buƙatar irin wannan magana a kanka. Filayen wasa ma basa bari a kai can, yawancinsu suna tsayawa a 350 fps (gudun ƙafa 350 a daƙiƙa) da ƙwallo mai giram 0.20, wato wajen jul 1.14, kuma da safe kafin a shiga sai sun auna kowace bindiga da na'ura. Ka sa sifirin mai tauri irin M120 ka biya kuɗin shiga, a auna ace ta wuce, shikenan ranar sai dai ka koma haya.

Toh sinafa fa. Na san abin da ke jan mutane, bidiyoyin YouTube ne inda mutum ke kwance cikin ciyawa yana ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya, amma waɗancan bindigogin an kashe musu kuɗin da ya ninka kuɗin sayensu, kuma wasan yini guda ne aka yanke ya koma minti goma. Ta sinafa mai araha in ka ciro ta daga kwali sau da yawa bata fi mai lantarki mai kyau nisa ba, gashi duk harbi ɗaya sai ka ja da hannu. An yarda ta kai 500 fps a yawancin filaye amma da sharaɗin ba zaka harbi wanda ya matso kusa ba, galibi ƙasa da mita 30, don haka dole ka ƙara sayen ƙaramar fistol. Fam 300 ba zai ɗauki wannan ba. Mai gas ma ka bari tukuna, tana da daɗin harbi ba ƙarya amma magazin ɗinta tsada, ƙwallo kaɗan take ci, kuma sanyin Ingila na kashe mata ƙarfi daga Nuwamba har Maris.

Mai lantarki zaka saya, wadda ake ce wa AEG. Tun da Tokyo Marui na Japan suka fito da FAMAS ɗinsu a 1991 kusan kowane kamfani tsarinsu yake bi, amfanin haka gare ka shi ne kayan gyara sun yi yawa kuma suna shiga juna. Ka tsaya kan siffar M4 mai giyabos (akwatin giyoyi) V2 ko AK mai V3, kar ka ɗauko wata baƙuwar siffa don ta yi maka kyau a hoto sannan ka rasa magazin ko robar da zata shige ta. Ga sabon shiga ni abin da nake nuna wa mutane bai wuce Specna Arms, ko G&G CM16, ko AK ɗin CYMA ba. Kar jikin roba ya tsorata ka, roba mai kauri ta G&G tafi ƙarfen banza da ke karyewa in ya faɗi, kuma in ka yini kana gudu cikin daji kafaɗarka zata gode maka. In da hali kaje shago ka ɗauka a hannu, ka ɗora a kafaɗa, ka kuma buɗe wajen batir ka ga girmansa, wannan na ƙarshen mutane da yawa suna mantawa.

Kafin ma ka biya akwai maganar UKARA, rajistar 'yan wasa da shagunan airsoft na Ingila ke dubawa. A ƙarƙashin dokar 2006 shago ba zai sayar maka da mai kama da ta gaske ba sai kana da hujjar kai ɗan wasa ne, kuma hanyar da aka fi bi ita ce ka buga wasa uku a fili ɗaya mai rajista cikin lokacin da bai gaza kwana 56 ba, kana da shekara 18 ko sama, sai filin ya sa ka a rajista. In ba haka ba sai dai mai launi biyu wadda aka shafe fiye da rabinta da shuɗi ko kore mai haske. Kace kaje sau biyu, in fili ɗaya ne saura maka ɗaya kenan, ka daure ka cika. Wannan jiran ma alheri ne, ka roƙi 'yan wasa su baka tasu ka gwada, mutanen fili basa rowar wannan.

Yanzu kasafin kuɗin. Kar ka zuba 300 ɗin nan duka a bindiga, rabi ko sama da rabi kaɗan ya isa. Abu na farko da zaka saya tabarau ne, kuma a nan bana sassautawa da kowa. Ka duba tambarin EN166 mai harafin B a jikin gilashin da firam ɗin, B na nufin an gwada shi da ƙwallon ƙarfe mai gudun mita 120 a daƙiƙa, mai F kuma mita 45 ne kawai. Na kasuwar intanet mai fam biyar wanda ba tambari ka barshi a inda ka ganshi. Ka haɗa da ragar ƙarfe ta rufe baki, don ƙwallon nan na fasa haƙori kuma kuɗin likitan haƙori a Ingila ya fi kuɗin bindigar. Sai takalmi mai riƙe idon sawu, da magazin biyu ko uku masu cin ƙwallo wajen 120.

Mu dawo kan batir don nan ne tambayarka ta fi nauyi. Iri biyu zaka fi gani. Akwai NiMH, 8.4V ko 9.6V, shi ne tsohon yayi, yana da haƙuri baya saurin kama wuta, amma yana da nauyi, kuma kana cikin wasa zaka ji bindigar na yin sanyi a hankali. Sai LiPo, 7.4V mai sel biyu da 11.1V mai sel uku. Kar lambar ta ruɗe ka kace ai 7.4 bai kai 8.4 ba, LiPo na iya sakin wuta da yawa a lokaci guda, shi yasa 7.4V mai kyau yake jan bindiga kusan kamar NiMH 9.6V. Shi nake so ka saya, 7.4V, mAh tsakanin 1300 zuwa 2000 gwargwadon abin da zai shiga, C kuma 25 ko 30. mAh shi ne yawan wutar da ya ɗauka, C kuma yawan wadda zai iya saki, ka ninka su zaka gani, 1300mAh mai 25C na bada wajen amfiya 32, ya ishi bindigar da ba a taɓa cikinta ba. Gara ka sayi matsakaita guda biyu da ƙato ɗaya, in ɗaya ya yi sanyi da rana ka canja.

Me yasa nake hana ka 11.1V yanzu? Dalili biyu. Na farko duk lokacin da ka ja kunama wasu ƙananan ƙarafa biyu ne ke haɗuwa wuta ta bi, kuma da 11.1V tartsatsin da ke tashi a wajen yana ƙona su a hankali har wata rana ka ja shiru. MOSFET, wani ɗan makunnin lantarki, shi ke ɗauke musu wannan nauyin, wasu bindigogin suna zuwa da shi daga kamfani, ka tambayi mai shago. Na biyu kuma ya shafi ku 'yan Ingila musamman, saboda iyakar 350 sifirin ɗinku mai laushi ne, M90 ko M100, fistin baya komawa gaba da saurin da zai yi da sifirin mai tauri. In moto na gudu fiye da kima giya zata zagayo ta cafki fistin tun bai gama komawa ba, haƙoransa su zube, ko kuma ka sa ta a ɗaya-ɗaya ta riƙa sakin biyu. Wanda ka gani a bidiyo daga Amurka da 11.1 lafiya lau, sau da yawa sifirin ɗinsa yafi naka tauri ne ko an gyara masa ciki.

Siffar batir ma ka kula, akwai dogo siriri da ke shiga saman AK ko bututun bayan M4, akwai mai rabe biyu ko uku da ke shiga gefe-gefen gindin bindiga. Ka auna da rula kafin ka yi oda. Filogi kuma ko mini Tamiya ko Deans, Deans yafi riƙe wuta kuma baya saki, amma ka sayi wanda ya dace da bindigarka kawai. Abu ɗaya da zan ja kunnenka, mini Tamiya na motocin wasan rimot wayoyinsa a juye suke da na airsoft, in ka saya a shagonsu ka jona zaka iya ƙona MOSFET nan take, don haka ka duba ja na kallon ja.

Caja kuwa wallahi kar ka yi mata ƙauro. LiPo sai caja mai daidaita sel, irin su SkyRC, wadda ake jona mata ƙaramin farin filogin nan. Kada ka taɓa sa LiPo a cajar NiMH da ke zuwa cikin kwali. Kowane sel cikarsa 4.2V ne, kar ka bari ya sauka ƙasa da 3.0V, ni ina cewa da ka ji harbi ya fara nauyi ka cire kawai. Ka yi caji a 1C, wato mai 1300mAh a amfiya 1.3, cikin jakar LiPo, a kan tayil ba kan katifa ko kafet ba, kana ɗakin kuma idonka biyu. In zaka yi sati biyu baka wasa ba ka sa shi a 3.8V kowane sel, cajar na da wannan saitin. Ka cire shi daga bindiga duk ranar da aka tashi, don masu MOSFET na zamani suna shan wuta kaɗan-kaɗan ko a ajiye har su kashe batir. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki, a kai shi wajen karɓar tsofaffin batura, ba kwandon shara ba.

Maganar me zaka fara canjawa, amsata ba komai, na wata uku ko huɗu aƙalla. Kamar sabon babur ne, ka hau ka san halinsa kafin ka kai wa bakanike ya kwance inji, balle buɗe giyabos na kashe garanti a yawancin shaguna. Nisan da kake nema yana wajen hof-of, wata 'yar roba ce a farkon bututu, inda ƙwallo ke shiga, da ke taɓa saman ƙwallo ta sa shi juyawa baya, wannan juyin ke riƙe shi a iska. Ka tsaya a wajen gwaji ka riƙa murɗa ta kaɗan-kaɗan har ka ga ƙwallon na tafiya a miƙe kafin ya faɗi, in yana hawa sama ta yi yawa ka rage. Sabbin shiga da yawa da ke kukan bindigarsu bata nisa basu taɓa murɗa wannan abin ba. Sai ƙwallo, ka bar 0.20 ka koma 0.25 ko 0.28 mai kyau, na 0.12 kuwa kar ya shiga bindigarka sam. Na'ura zata nuna gudu ya sauka zuwa wajen 313 da 0.25, kar ka damu ƙarfin ɗaya ne, kuma mai nauyin yafi jure iska da ganye. Wanda ya faɗi ƙasa ba a sake amfani da shi.

In lokacin ya yi, robar hof-of ce farko, Maple Leaf ko Prometheus, kuɗinta kaɗan kuma ba sai ka buɗe giyabos ba. Bayanta in kana so matsattsen bututu mai faɗin milimita 6.03, amma ka fara goge naka da tsumma mai laushi ka gani, datti kaɗai na watsa harbi. Daga nan Deans da MOSFET irin Perun ko Gate, a hannun mai gyara wanda zai daidaita tazarar giyoyi ya duba yadda giya ke kama fistin. Bayan wannan ne 11.1V zai zama magana.

Kano kuma a'a ƙanina, ka sayar da ita a nan kafin ka tafi, kasuwar na hannu tana tafiya sosai. Abu ne mai kama da AK sak, ba jami'in kwastam ko soja a shingen hanya da zai tsaya sauraron bayanin ƙwallon roba a halin tsaron da ake ciki, kuma ranka ake magana. A nan Ingila ma laifi ne ka fito da ita bainar jama'a ba dalili, kullum cikin jaka a rufe, magazin da batir a cire, daga gida sai fili. In a hostel ɗin makaranta kake ka karanta takardar hayarka tun kafin ka saya, don yawancinsu sun hana ajiye irinta a ɗaki, wasu filayen da shaguna suna da wajen ajiya, ka tambayi naku ranar da kaje wasa na uku.